Ranar da Alhaji Ya Ga Kansa a Talabijin

Kakana na wajen uba bai taɓa son talabijin ba. Shekarar da na sayi tawa, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Faskari, na haɗo ta da faifan sola da batir na kawo gida, ya zagaya ta da sandarsa ya ce na kawo abin da zai riƙa ƙona tuwo. Alhaji muke ce masa duk gidan. A lokacin ya haura tamanin, kunnensa garau, idonsa ma ba laifi, haƙoran gaba ne kawai suka riga shi tafiya. A rumfar tsakar gida na ajiye talabijin ɗin, inda yake shimfiɗa buzunsa da yamma. Bai tashi daga wurin ba, sai dai ya juya mata baya. A haka yake jan carbi, yana gyara wa masu karanta labarai Hausa ba tare da ya waiwayo ba.

Akwai wani shiri na tarihin Arewa da wata tasha ke yi duk Asabar bayan la'asar, a maimaita Lahadi da hantsi. Tsofaffin hotunan majigi suke nemowa, na zamanin Turawa da farkon mulkin kai, baƙi da fari, masu ɗigo-ɗigo kamar ana yayyafi a ciki. Mutanen ciki ba a jin maganarsu, sai dai ka ga baki na motsi, kuma kowa sauri yake yi kamar an ce kasuwa za ta tashi. Wani mai kakkaurar murya ke bayani a kai, ana kaɗa gurmi ƙasa-ƙasa. Ni ina son shirin don ina samun abin faɗa wa yara a aji. Matan gidan kuwa ɗaurin ɗankwalin matan wancan zamani suke kallo suna dariya.

Wata Asabar aka zo kan auduga. Mai bayani ya ce ga wani fuloti a kudancin Katsina, wato filin da manoma ke kai auduga a auna a saya. Bai faɗi garin ba. Ina jin su ma ba su sani ba.

“Mi ya ce?” in ji Alhaji, har yanzu bayansa muke gani. “Fuloti ya ce?”

Na ce, “Ai kai ba ka kallo, Alhaji.”

Ya dafa ƙasa ya juyo da buzun gaba ɗaya. Ga jakai da mangala sun yi layi, ga auduga tuli-tuli, ga sikeli a rataye, ga malamin awo da gajeren wando da fensir a kunne. Can baya akwai wani dutse da ya tokare sama. Sai wani dogon saurayi ya shigo da ƙaton ƙunshin auduga a ka, malfa na rataye a bayansa. Ya sauke ƙunshin, ya juyo ya kalli mai ɗaukar hoton, ya yi murmushi. Yana da wushirya. Daga nan aka wuce wurin wasu mata masu tallar fura.

“Tsaida shi,” in ji Alhaji.

“Ba a tsaida shi, ba kaset ba ne.”

“Wancan ni ne.”

Kakata Hajiya tana gefe tana tsinke zogale a tire. Ni da ita wasan jika da kaka muke yi, amarya nake ce mata. Na ce, “Amarya, kin ji tsohon mijinki. Shi ne?”

Ta ɗaga kai ta dubi bakin Alhaji, ta daɗe tana dubawa, sannan ta koma kan zogalenta. “Wushiryar dai ta ƙara faɗi tun daga lokacin,” in ji ta.

Da aka maimaita shirin washegari na ɗauki hoton saurayin da wayata. Ya fito dishi-dishi, da layi-layi a fuskar, ta yadda duk dogon mutum mai hanci zai iya cewa shi ne. Alhaji ya karɓi wayar ya kai ta kusa da ido, ya nisantar, ya ce ko malfar ya gane, a kasuwar Faskari ya saye ta. Tun daga ranar wayata ta daina zama tawa. Duk wanda ya zo gaishe shi sai an kira ni na nuna hoton.

Labarin kuma kullum ƙara ƙiba yake yi. Ranar farko cewa ya yi wani Bature mai jan kunne ya ce masa ya tsaya nan, ya tsaya. Kafin tsakiyar mako Baturen ya riga ya ratsa mutane ya zo ya ba shi hannu, don duk fulotin babu mai tsayinsa. Ranar Juma'a, a ƙofar masallaci, na ji da kunnena yana cewa Baturen ya so ya tafi da shi Ingila, mahaifinsa ne ya hana don ba a gama sussukar gero ba.

Na ce, “Alhaji, shekaranjiya ka ce a mota Baturen ya zo. Yau kuma na ji doki.”

“A mota ya zo, ya koma bisa doki. Kana wurin?”

Ba mu kaɗai muka ga shirin ba. Gwaggona da ke aure a Kankara ta bugo waya ta ce surukinta ya tara mutane yana nuna musu cewa dutsen nan na Kankara ne, kuma jakin da ke gaba na gidansu ne. Alhaji ya ce a bar wa mutanen Kankara jakin, ya dace da su. Wanda ya tsaya masa a rai shi ne Malam na Sabuwa.

Malam taubashin Alhaji ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Tare suka tashi a gidan nan kafin aure da noma su mai da shi Sabuwa. Da yake Alhaji ne ɗan namiji, bawana yake ce wa Malam, shi kuma ya ce masa ubangida, da irin muryar da ke nuna ba ubangidan kowa ba ne. Ni na tura wa jikan Malam hoton, na haɗa da tambayar ko bai ga yanayin kakansa a ciki ba. Ban jira da yawa ba waya ta shigo. Na buɗe muryar yadda duk rumfar za ta ji, na miƙa wa Alhaji.

“Bawana, an ce ka ga ubangidanka a talabijin.”

“Na dai ga kaina,” in ji Malam. “Kai a shekarun nan wuyanka kamar na zalɓe, ina ka ga ƙarfin ɗaukar wancan ƙunshi? Ni nike ɗaukar naka in ɗauki nawa.”

“Kai da ko jaki sai an ɗora ka?”

“Wushirya fa? Ka taɓa yin wushirya?”

“Tambayi Hajiya.”

Hajiya ta ce kada wanda ya sa ta a ciki, tana da aiki.

A ƙarshen shirin mai bayani ya ce mako mai zuwa za a ci gaba da labarin fulotin. Saboda haka Malam ya ce zai zo a kalla tare, a yi ta ta ƙare a gaban mutane. A shekarun nan hanya ba ta biyuwa yadda aka ga dama. Sai rana ta ɗaga, direbobi sun tambayi juna labarin gaba, sannan mota ta tashi. 'Ya'yansa suka yi ta ba shi haƙuri, ya ce ko a ƙafa sai ya zo. Ranar Asabar da azahar ɗan acaɓa ya sauke shi daga tasha, ƙura har a gemu, yana riƙe da ledar goro. Ya fi shekara biyu bai tako Faskari ba. Suka rungume juna a ƙofar gida, kowa na cewa ɗayan ya tsufa.

Alhaji ya sa aka fito da talabijin zaure, aka ja waya daga batir, aka shimfiɗa tabarmi har waje. Ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya fesa turare. Maƙwabta suka cika wurin, aka aika aka kira limamin unguwa, wanda shi ma dattijo ne, ko da yake bai kai su ba. Mata suka taru a bayan asabarin ƙofar ciki, Hajiya a kan kujerarta a gaba. Aka kawo zoɓo a bokiti. Kafin a fara Alhaji da Malam kowannensu ya so ya rantse, Liman ya hana, ya ce a bari a gani tukuna. Daga baya dukansu biyu sun gode masa.

Shirin ya ja mana rai. Aka nuna manyan motoci ana loda musu auduga, aka nuna injin gurza, aka nuna wani malamin jami'a a kan kujera yana ta bayani da hannu. Alhaji ya ce a cire wannan, bai san komai ba, ba a haife shi ba. Can sai ga fulotin, ga dutsen, ga saurayin da malfarsa.

“Ga ni nan,” suka faɗa tare.

Saurayin ya ja ƙunshinsa zuwa gaban sikeli. Malamin awo ya kwance bakin, ya duba, ya cusa hannu a ciki har kafaɗa. Ya lalubo, ya lalubo, ya zaro dutse kamar babbar gwanda, ya ɗaga wa mai ɗaukar hoto. Ya ajiye, ya sake cusa hannu, ya zaro wani. Saurayin ya tsaya yana sosa ƙeya. Wani ɗan doka ya zo ya kama kunnensa ya yi waje da shi, kuma da yake hoton mai sauri ne, sai ka ce rawa suke yi su biyun.

Gurmi ya ci gaba da kaɗawa ƙasa-ƙasa. Wani daga waje ya fara dariya ya mai da ita tari. Ni na sunkuyar da kai ina gyara wayar batir da babu abin da ya same ta.

Alhaji ya gyara zaman rigarsa a kafaɗa. “To, bawana,” in ji shi a hankali, “na duba da kyau. Kunnuwanka ne. Na bar maka.”

“A'a, ubangida, ban isa ba. Kai ka sayi malfar. Kai Bature ya so ya tahi da kai. Ashe gidan yari zai kai ka, ka ce muna Ingila.”

Nan dariyar ta ɓalle, har mata a bayan asabari. Suka yi ta tura wa juna saurayin. Alhaji ya ce shi bai taɓa yin wushirya ba, haƙori ne ya karye masa a kan rake. Malam ya ce shi gajere ne tun asali, kowa na iya gani. Mutumin da aka yi mako ana faɗa a kansa ya rasa mai ɗauka. Wani maƙwabcinmu ya ce to a bar wa mutanen Kankara shi ma, su haɗa da jakin.

Liman ya ce tunda abin ya zama haka a tambayi Hajiya, ita ta san su duka suna samari.

Hajiya ba ta ɗaga asabarin ba, muryarta kawai muka ji. “Ni ban san wancan yaro ba, Malam Liman. Amma na san wanda ya aike ni bakin rafi da ƙwarya ina amarya, ya ce in ɗebo yashi mai laushi in tankaɗe shi da rariya. Na ɗauka gini za a yi. Sai na ga shi da taubashinsa a bayan rumbu suna barbaɗa shi a auduga kamar masu sa gishiri a miya.”

Na zaci Alhaji zai musa. Sai na ga ya miƙe zaune, fuskarsa ta washe.

“To kun ji,” in ji shi. “Yashi. Wa ke sa dutse in ba sakarai ba? Hannu ɗaya za a sa a taɓo shi. Yashi kuwa sai ka buɗe audugar sala-sala, ka barbaɗa, ka naɗe, ka bubbuga. Wancan yaro bai iya ba. Ni duk zuwana fuloti ba a taɓa kama ni ba. Shi ya sa na ce ba ni ba ne.”

“Ni na koya maka,” in ji Malam. “Kuma yashin ma na masu gaggawa ne. Shimfiɗa audugar ake yi a waje ta sha raɓa, da asuba a naɗe, a sa busassa a sama.”

“Raɓa tana sa ta ja. Sai a ce maka lamba biyu ce, a rage maka kuɗi.”

“In ba ka iya ba.”

Liman ya yi gyaran murya, ya nemi gafarar Allah, ya tuna musu abin da aka faɗa game da masu ha'inci a awo. Suka sunkuyar da kai suka ce haka ne, Allah ya yafe mana, ƙuruciya ce. Sai wani tsoho makaho da ke zaune a bakin ƙofa ya ce a haɗa da malaman awon a neman gafarar. Ya ce wanda ya sani a zamaninsu da gwiwa yake tallafe ƙunshin in an rataya a sikeli, kuma auduga fara tas sai ya murza ta a yatsa ya ce lamba biyu ce. Yashin nan, in ji shi, gwiwar malamin awo ake ramawa. Aka tambayi Liman yadda ake yi a gidansu. Ya ce shi yaro ne a lokacin bai san komai ba, abin da ya iya tunawa kawai shi ne ba a taɓa shanya audugar gidansu a rana ba.

Daga nan babu wanda ya sake kallon talabijin. Aka gama shirin, aka shiga tallar taki, tana ta yi ita kaɗai. Tsofaffin nan suka dinga ba da labarin yadda ake tashi da jakai tun kafin kiran salla, yadda ake kwana a layi a kan ƙunshin don kada a zare maka, da yadda in an sallame ka mai karɓar haraji na tsaye a bakin fita yana murmushi. Abin da ya rage a sayi gishiri da kananzir da turmin atamfa. Suka tuna wata mai fura da ba ta ba mutanen Sabuwa sai sun nuna kuɗinsu, da wani jakin Malam da ya cinye malfar ɗan doka. Suka lissafa abokan tafiyarsu, duk wanda aka ambata sai a ce Allah ya jiƙansa. Sai da ladan ya kira magariba aka naɗe tabarmi.

Washegari da hantsi na zauna kallon maimaici ni kaɗai, sai na ji abin da dariya ta hana mu ji. Mai bayani ya ce hoton nan shirya shi aka yi don a riƙa nuna wa manoma a majigi, a ja musu kunne. Saurayin sa shi aka yi, duwatsun ma masu ɗaukar hoton ne suka zuba. Na je na same su a rumfa suna shan koko na faɗa musu. Alhaji ya ajiye ludayi.

“Wato wasa ne,” in ji shi. “Zaɓarsa aka yi.”

“Haka ya ce.”

“To ai ba kowa ake zaɓa ba. Sai mai tsayi, mai kyan...”

“Alhaji,” in ji Hajiya daga bakin murhu, “sha kokonka.”

Malam ya yi kwanaki tare da mu. Ranar da zai koma, Alhaji ya ce ba zai bar bawansa ya tafi hannu biyu ba, ya sa aka auno masa masara rabin buhu, ya kore mu ya ɗaure bakin da kansa. Ni na kai buhun tasha a kan babur. Yaron mota da ya ɗaga ya tambaye ni ko masarar jiƙa ta aka yi.

Da yamma Hajiya ta nemi ɗan dutsen niƙanta ta rasa. Wani santsin dutse ne da ya cika hannu biyu, da shi take niƙa yaji da daddawa tun kafin a haifi mahaifina, ba ta yarda da na inji ba. Aka duba ƙarƙashin gado, aka duba bayan randa, aka tsare yaran gidan da tambaya. Alhaji na kan buzu yana jan carbi da sauri fiye da yadda ya saba.

Malam bai kira ba sai bayan kwana biyu. Ya ce ya sauka lafiya, ya gode, masarar Faskari akwai albarka, har ƙashi gare ta. Ya ce a gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, kayanta na hannu mai kyau, amma ba zai ba ɗan aike ba. Wanda ya ɗaure buhun shi zai zo ya karɓa.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta dai koma sa wa Alhaji yajin inji a miya, wanda ya ce ƙarfe yake ji a ciki. In ya yi ƙorafi sai ta ce ai dutsenta ya tafi Ingila. Ya daure har aka gama girbi, sannan wata safiya ya ce in nemo mana mota mai zuwa Sabuwa, yana da zumuncin da zai sada.

Mun sami Malam a zaurensa da mutane, an sanar da su zuwanmu. Dutsen na kan buzu a tsakiya, an ɗora masa hula. Malam ya ce a gaisa da baƙon Faskari tukuna kafin a ba mu ruwa. Alhaji ya tsuguna da ƙyar, ya gaishe da dutsen, ya tambaye shi ko ana ba shi abinci a gidan nan, don ya san halin mai gidan. Muka kwana biyu a can. Suna zaune a inuwa tun safe har yamma suna musu a kan shekarar da aka yi fara, da wanda ya fara sayen keke a cikinsu.

A hanyar dawowa ni na riƙe dutsen a cinya, a naɗe cikin ɗankwalin da matar Malam ta bayar, Alhaji na gyangyaɗi a kafaɗata duk da ramukan hanya. Da muka iso Hajiya ta karɓa ta jujjuya shi, ta wanke da toka, ta zauna ta niƙa yaji. Da aka kawo tuwo Alhaji ya ci ya side hannu, sannan ya ce yajin ya yi yawa.